Zaren Rakhi Ta Tagar Bas

A jarida an ce taron ƙara wa juna sani muke yi. Ni dai abin da na ƙaru da shi, na gano ɗan majalisar da ke ɗakin kusa da nawa har da rana minshari yake.

Gwamnatin jiharmu da rinjayen kujera biyu take tsaye. Da 'yan adawa suka nemi a kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna, sai jam'iyya ta kwashe mu kaf ta zuba a wani otal a bayan gari, don kada a saye wani kafin ranar. Aka karɓe wayoyi, aka garƙame get. Akwai wurin ninƙaya, amma ba wanda ya iya ruwa, sai dai su zauna a bakinsa da fararen kaya suna hirar dimokuraɗiyya.

Makulli yana hannun Dakta Chaubey, mai tsawatarwa na jam'iyya. Har yau ba wanda ya san daktan mene ne. Tun da na ci kujerar marigayi babanmu, a kowane taro "ƙanwata Sulochana" yake ce mini, musamman in akwai kyamara.

Ni kuwa damuwata Yaya Nandu. Soja ne, ranar bikin Rakhi, da ƙanwa ke ɗaura wa yayanta zare, hutunsa zai ƙare, da yamma jirgin ƙasa zai mai da shi bakin iyaka. Tun ina yarinya ban taɓa fashin ɗaura masa zare a hannu ba, Mama kuma ta yi imani zaren nan ne ke dawo da shi gida.

Na roƙi Chaubey ya bar ni na je na dawo. Sai ya gyara gilashi ya yi mini darasi: wai in gwamnati ta faɗi, Delhi za ta karɓe jihar, tsarin tarayya yanzu a wuyana yake rataye. Na ce ban san wuyana ya kai haka kauri ba.

Ranar Rakhi ya kira 'yan jarida su ga yadda muke cikin walwala. Yana tsakiyar jawabi na matsa, na kama hannunsa na dama, na ɗaura masa zaren da na saya wa Nandu. Ba namijin da zai janye hannu a gaban kyamara. Aka yi tafi, ya sa mini alewa a baki, ya tambaya da ƙarfi, kamar yadda al'ada ta tanada, wace kyauta ƙanwarsa take so.

"Get ɗin nan, Yaya."

Murmushinsa bai gushe ba, sai dai kunnensa da ya yi ja.

"Yaya na gari ba ya barin ƙanwarsa ta yi tafiya ita kaɗai," in ji shi.

Haka aka loda mu duka a bas, har da mai minshari, 'yan sanda gaba da baya. A tasha direba ya ce an hana shi buɗe ƙofa. Nandu ya taka taya ya miƙo hannu ta taga, Mama na riƙe da jakarsa. Sai a lokacin na tuna zarena yana hannun Chaubey. Na yagi bakin zanen sarin da ke jikina da haƙori na ɗaura wa Nandu.

Nandu ya leƙa cikin motar, ya ƙare wa 'yan majalisar kallo.

"Wai ku ne gwamnatin?"

"Mu ne."

"To Allah ya kiyaye hanya."

Muka juya otal. Chaubey ya dawo kujerar kusa da ni ya zauna, ya ce daga yau har ranar ƙuri'a, a matsayinsa na yaya, shi da kansa zai riƙa kula da ni.