Gumin Murfi

A cikin shekara ta huɗu ta yaƙi jiragen ruwan Japan ba sa nutsewa. Suna dai daina isowa ne kawai. Haka hafsan 'yan sandan soja ya fahimtar da Sakichi a wani sito na tashar jiragen ruwa ta Moji, inda aka tsare su sati biyu, su goma sha ɗaya da aka tsamo daga teku. Ya ce babu wani jirgin abokan gaba mai yawo ƙarƙashin ruwa da ya harbe su, kuma duk wanda ya tuna akasin haka, akwai kurkukun da ake gyara tunani. Sakichi ya danna hatiminsa a takarda, aka ba shi takalman wani, aka ce ya tafi gida hutu.

Shekara ashirin yana kuku a jiragen dakon kaya. Gidan da ya koma a tsibirinsu babu kowa ciki sai ɓeraye, su ma sun rame. Matarsa ta rasu tun kafin yaƙi. Mutanen gari suna gaishe shi daga nesa, domin mutumin da ya dawo hutu ba jaka, da ƙuna a wuya, ba a son jin labarin hutunsa.

Tsohuwa Tome ce kaɗai ba ta da wannan ladabi. Ɗanta Yoshimatsu mai zuba kwal ne a ɗakin injin jirgin da Sakichi ya yi aiki, kuma a daidai ɗakin injin bam ɗin ya shiga, da hantsi, Sakichi na feraye dankali a sama. Babu wanda ya hauro daga can. Kamfanin jirgin bai aiko mata da komai ba, tunda a takarda jirgin yana kan hanya.

Kullum da safe sai ta kira shi ta kan shinge ya zo ya gani. Kamar kowace uwar matafiyi, tana ajiye wa ɗanta nasa abincin a ƙaramin tire, a inda ya saba zama, ta rufe akushin. Bayan ɗan lokaci ta ɗaga murfin. In ya yi gumi, mai tafiya yana da rai. In ya bushe, ya riga mu gidan gaskiya. Ta kan miƙo wa Sakichi murfin dab da hancinsa.

"Duba, sarkin tukunya. Ka ga gumi? Yana can yana cin shinkafar kudu, kai an koro ka saboda miyarka."

Sakichi ya kan ce lallai ya yi gumi, Inna. A matsayinsa na kuku ya san abinci mai zafi ko gawa aka rufa wa sai murfinsa ya yi gumi. Ya kuma san shi ba wanda ya taɓa ajiye masa tire, ga shi kuwa ya dawo. Bai ga amfanin kawo wannan hujja ba.

Daga nan sai ta ɗaura ɗankwali ta gangara bakin gaɓa ta jira kwalekwalen wasiƙu, da tari a ƙirjinta, sanyi na ƙaruwa. Sau biyu ana ɗauko ta a kafaɗa. Sakichi ya ga in bai faɗa mata ba, jiran nan zai kashe ta kafin kamfani ya sami takardar da ta dace. In kuma ya faɗa, bangon gidanta katako ne siriri, bayansa kuwa shugaban unguwa ne, Malam Kurahashi, mutumin da kishin ƙasa ya ƙara wa ƙarfin ji. Ya taɓa kai ƙarar mai sayar da awara don mutumin ya ce wake ya yi wuya.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, ta aika a kira shi. Ta ce ba za ta iya tashi ba, kuma yaron ba zai kwana da yunwa don uwarsa ta zama raguwa ba. Tunda an ce shi kuku ne, ya nuna.

Ya dafa sha'ir da 'yar shinkafa da dankali, ya zuba a akushin Yoshimatsu. Sai ya tsaya da murfin a hannu. Takardar da ya danna wa hatimi ta hana magana, ta hana rubutu, har nuni da hannu ta hana. Ba ta ce komai a kan girki ba. Ya kai akushin bakin taga, ya zauna yana kallon tururi na tashi, yana raguwa, har ya ƙare. Ya taɓa da bayan yatsa, sanyi ƙalau. Ya goge murfin da hannun rigarsa, ya rufe, ya kai tiren kusa da shimfiɗarta.

Ta ce ya daɗe kamar wanda ya je noman shinkafar. Ta jira ɗan lokacin da ta saba, ta ɗaga murfin, ta juya shi wajen haske. Ta shafa cikinsa da yatsa. Ta daɗe tana duban yatsan.

"Shekara ashirin kana girki," in ji ta a hankali, "ba ka san a zuba abinci da zafinsa ba?"

"Na sani, Inna."

"Ka sani."

"Na sani sarai."

A bayan bango Malam Kurahashi ya yi gyaran murya, ya ji ana zancen abinci, ya ci gaba da sharar tsakar gidansa.

Tome ta yunƙura ta zauna. Ta ce ya ɗauki akushin ya kai gaban allunan kakanni, inda ake ajiye wa mamata abinci, kusa da na mijinta, kuma ya bar murfin a nan, su can ba a rufe musu. Ya kai. Da ya juyo ta riga ta kwance ɗankwalin fita ta ninke.

"Akwai saura a tukunya?"

Ya ce akwai kaɗan.

"To ɗumama mana. Ka zauna can inda yaron ya saba zama, wurin ba kowa."

Sakichi ya hura wuta. Kwalekwalen wasiƙu ya yi ƙaho a bakin gaɓa, ya jira kaɗan kamar yadda ya saba, ya wuce.