Fatalwa Mai Takalmin Roba

A bakin gonar Isiyaku, can bayan Saji, akwai wata tsamiya da ba ta taɓa yin 'ya'ya ba. Kowace shekara sai ta yi fure ta zubar. Tsofaffi kan ce irin wannan itace ba ya rasa masu shi. A gindinta ne 'yarsa Afra'u ta fara ganin uwarta, da rana tsaka, bayan an yanke dawa.

Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba. Ta shigo gida da tsallenta, ta tarar da uban yana gyara ƙotar lauje, kakarta Jummai kuma tana sheƙe wake.

"Baba, na ga fatalwar Inna."

"Wa ya koya miki wannan kalma?"

"Yara ne suka ce in mutum ya mutu ya dawo, sunansa ke nan. Amma ita ba ta da ban tsoro. Tsayawa kawai take yi tana kallona. Ba ta magana."

Isiyaku ya ci gaba da buga ƙota, alhali ta riga ta zauna. Shi ya san Suwaiba, uwar yarinyar, ba ta mutu ba. Bafillatana ce daga wata ruga a wajen Tarai. Shekarar da shanun yayyenta suka kwana cikin geronsa, ya rasa wanda zai huce a kansa, ya sake ta saki uku a tsakar gida. Danginta suka tashi suka yi kudu da ita. Yarinya ta dinga zama a bakin zaure tana kuka har muryarta ta dishe, ranar nan ya gaji ya ce mata Inna ta rasu. Kukan ya tsaya. A lokacin har yaba wa kansa dabara ya yi.

Da la'asar ya je gindin tsamiyar. Ga sawun takalmin roba nan, ƙanana, na dama ya fi nutsewa, irin tsayuwar mai ɗauke da ƙwarya. A kan wani dutse an ajiye curin man shanu cikin ganye, tururuwa ta yanyame shi. An ce fatalwa ba ta taka ƙasa. Wannan kam ta taka, har ta daɗe a tsaye. Fulani sun dawo cin karan kaka ke nan.

Dalilin shirunta ma bai ɓace masa ba. Afra'u 'yar fari ce, a gidan su Suwaiba kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana a sarari. Ko lokacin da take gidansa, "ke" take cewa, ko "waccan".

Ya koma ya faɗa wa uwarsa a bayan rumbu.

"Iya, ina ganin gara a gaya mata gaskiya."

"Ka gaya mata me? Cewa ubanta maƙaryaci ne?" Jummai ta karkaɗe faifai. "Yau ta san uwar na da rai, gobe ka neme ta a ruga tana bin bayan maruƙa. Ni na goya ta, ni na yaye ta. Tunda ta ce fatalwa ta gani, to fatalwa ce. Ita kuwa tana da magani."

"Iya, yarinya ce."

"Da kai ma yaro ne, ga ka ka girma har kana sakin mata saboda gero."



Washegari Afra'u ta sake zuwa da labari: fatalwa ta yi mata murmushi, haƙorinta ɗaya ya karye. Jummai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa busasshen barkono, ta danne yarinyar tsakanin gwiwoyinta ta lulluɓe ta da bargo tare da kaskon. Isiyaku yana zaure, yana jin tarin yana fitowa kamar ana yaga tsumma. Hayaƙin ya kore kaji daga tsakar gida. Akuya ma ta yi atishawa.

"Me kika gani?" in ji Jummai, da ta ɗaga bargon.

"Inna."

Aka mayar da bargo.

"Me kika gani, 'yar nema?"

"Inna ce, Iya, wallahi har inuwarta na gani."

Aka mayar. A karo na gaba, da aka ɗaga, idanunta sun kumbura sun yi jawur, majina har haɓa. Ta ce ba ta ga kowa ba.

"Madalla. To ji nan. Su waɗannan, ranar da suka so tafiya da mutum, sunansa suke kira. Wanda ya amsa, ya bi su ke nan, sai dai a wanke shi a kai shi rami. Kin taɓa jin ta kira sunanki?"

"A'a."

"To ranar na nan zuwa. In kin amsa, ke kika sani."

Tun daga nan yarinyar ta canza. Ba ta zuwa gona, ba ta leƙa rijiya don kada ta ga fuska. Ta daina shan nono. In uban ya kira ta daga bayan danga, ba ta amsawa sai ta zagayo ta ga bakinsa yana motsi. Wani lokaci sai ta taɓa hannunsa tukuna. Isiyaku yana gani, abin yana cin sa kamar gara a cikin azara, amma kullum sai ya ce gobe.

Karan gonaki ya ƙare, aka ce Fulani za su tashi. Da hantsi ya tarar da Suwaiba a gindin tsamiya, ta rame, ƙwaryarta a ka. Ba su gaisa ba.

"Ba ta fitowa," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Waccan. Lafiya take?"

"Lafiya lau."

"Gobe za mu wuce."

Ya tsaya yana murza gemu. Ya ga kamar alheri zai yi, wanda ba zai ci masa komai ba.

"Zan kawo ta. Amma ki buɗe baki ki yi mata magana, ki bar tsayuwar nan kamar kututture."

Ya je ya saɓo Afra'u a kafaɗa, ya ce mata za su duba wake. Jummai ta biyo su daga nesa, hannu a bayanta. Da suka kusa tsamiya ya ji jikin yarinyar ya sandare. Ya dire ta. Ta runtse ido.

Suwaiba ta sauke ƙwarya, ta durƙusa. Bakinta ya yi ta motsi, sunan ya ƙi fita, don bai taɓa bin ta wannan hanya ba. Ta dubi Isiyaku, ta dubi tsohuwar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda kunya. Sannan ta faɗa, a hankali, har ta ɗan karya shi.

"Afra'u."

Yarinyar ta cusa yatsu cikin kunnuwa. Fitsari ya gangaro ta ƙafafunta ya jiƙa ƙasa.

"Ban gani ba, Iya. Ban ji ba. Ban amsa ba."

"Ni ce. Buɗe ido."

Suwaiba ta miƙa hannu ta taɓa mata kumatu. Afra'u ta gantsara mata cizo a yatsa, ta ƙwace, ta ruga ido a rufe, tana tuntuɓe da kututturan dawa, har ta faɗa jikin kakarta ta ƙanƙame zanenta.

Maganar cewa uwarta ba ta mutu ba tana bakin Isiyaku, gajeriya ce, numfashi ɗaya ya ishe ta. Ya dubi uwarsa. Ya haɗiye.

Suwaiba ta daɗe tana duban jinin da ke yatsanta. Ta ɗauki ƙwarya ta aza, ta bi burtali, takalminta yana barin sawu ɗaya bayan ɗaya.

Jummai ta shafa kan jikarta.

"Ka gani ko?" ta ce da ɗanta. "Magani ya ci."