Hamsin da Takwas Cikin Ɗari

Radoš bai jira likitar ta gama bayani ba. Ya zura rigarsa a bai-bai, man da aka shafa masa don hoton zuciya bai ko bushe ba, ya fice. Na bi shi a guje, jakar ƙahonsa na busa tana dukan gwiwata.

A tsakar gidan asibitin ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya je bakin ƙofa ya dawo, ya sake komawa, yana murza zoben baikonmu kamar yana ƙona masa yatsa.

"Kin ji da kunnenki, Bojana. Hamsin da takwas cikin ɗari."

"Na ji. Sai me?"

"Sai me? A jami'a wa ake ba hamsin da takwas? Wanda malami ya ji tausayinsa! Da irin makin nan na fice daga makarantar kiɗa, ina jan ƙafa. Zazzaɓin nan na hunturu ya cinye min kusan rabin zuciya. A ɗage bikin."

"Babarka ta gama gayyar rabin garin Čačak!"

"A fasa, to. Ba zan mayar da ke bazawara da kayan amarci ba."

Mutumin da ya taɓa tsayawa ƙarƙashin tagata cikin ruwan sama yana busa har maƙwabta suka jefe shi da albasa, shi ne yau yake neman zare zobena. Na riƙe hannunsa gam, yana fizgewa, ina ja.

"Kai, mai ƙaho!"

Likita Perišić ce, dattijuwa, ta fito da hularsa a hannu ɗaya, kofin gahawa a ɗayan.

"Ka gudu ka bar hula. Wa ya rasu?"

"Shi," na ce. "Wai ya faɗi jarrabawa."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta yi dariya har gahawar ta zubo mata a takalmi.

"Ɗana, zuciya ba ɗalibar jami'a ba ce. Ɗakinta na hagu yakan cika da jini, ya matse, ya tura wani kaso cikin jiki, sauran ya tsaya a ciki. Naka yana ɗaukar mililita ɗari da ashirin, ya tura saba'in. Wannan kason ne hamsin da takwas. Haka ta mai lafiya take yi."

"Ba ɗari ba?"

"Ɗari a ina? Kai da kake busa, ka taɓa matse iskar huhunka kaf ka bar shi fayau?"

Radoš ya girgiza kai.

"Ba ya yiwuwa, Likita."

"To ita ma haka. Mara lafiyar da ke gadon kusa da taga talatin gare shi, kuma bai gudu ya bar hula ba." Ta kifa masa ita a ka. "Ke kuma 'yata, ki sake tunani. Zuciyar lafiya lau, kan ne ban duba ba."

Ta koma ciki. Hannunsa na cikin nawa, zoben ya tsaya a gaɓar yatsa, bai fita ba, bai koma ba. Na tura shi mazauninsa da ƙarfi har ya ce wash.

"Hamsin da takwas," ya ce a hankali. "To sauran arba'in da biyun fa, na wa ne?"

"Gyara rigarka," na ce, ina share ido. "Tela na jiranmu."