Furen Aljihun Muttaka

"Ba haka ba, Surajo! Akuya kake ɗaurewa?"

Baba Aruna ya karɓe zaren daga hannuna. Ni direba ne, sitiyari yatsuna suka sani, amma ga ni a saman rufin gidanmu na unguwar Bin Omran a Doha ina koyon ɗaura fure. Jibi Juma'a za a ɗaura auren Muttaka, mai gadin da muke ɗaki ɗaya. Wai shi da abokansa shida sai sun maƙala fure a ƙirji, irin na angwayen otal ɗin da yake gadi. Da ya ji farashin kanti, sai ya dawo yana cewa ai fure ba farilla ba ne.

"Khalas, shi ke nan, bar min shi," in ji Baba Aruna, maƙwabcinmu mutumin zangon Kumasi. Shekara ashirin yana ba furannin titin Doha ruwa bai taɓa tsinkar ɗaya ba. Nasa suna nan sama, cikin gwangwanayen fenti.

Yakan haɗa yasmin fari da ganyen ɗoɗɗoya biyu, ya lulluɓe gindin da jiƙaƙƙiyar auduga, ya naɗe da zare. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma ɗaurin ba ya kuskurewa. Ƙamshin ya cika wurin har na daina jin ƙugin na'urorin sanyi. Can nesa dogayen benaye suna lilo cikin hucin la'asar.

"Ranar auren ɗiyata kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, bai sake ni ba," ya ce. "A waya na kalla. Wannan kuwa, da hannuna zan sa wa yaron."

Muka gama shida, muka jera su a robar yogot, aka kai firij kusa da tumatir.

"Saura na ango, Baba."

"Na ango ba ya kwana a firij. Ranar ake yanka shi, kafin rana ta taɓa shi."

Alhamis da hantsi aka ga takalman Baba Aruna a ƙofar ɗakinsa, shi da ba ya fashin aiki. Ni na tura ƙyauren. Yana kwance ta gefen dama, rai ya yi halinsa, yatsunsa da koren ɗoɗɗoya. Na yi salati, na zauna a ƙasa na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Muttaka ya ce a ɗage auren. Liman ya ce a'a, waliyyan amarya sun riga sun taru, gawa kuma tana asibiti sai takardu sun fito.

"To ni ba zan sa komai ba," in ji Muttaka. "Wa zai ɗaura min?"



Juma'a bayan sallar asuba na hau sama, don kawai in ba shukokin ruwa. Gari shiru, sama ta fara ja ta wajen teku. A gwangwanin ƙarshe na ga reshen yasmin ɗaya da jan zare ɗaure a wuyansa, irin ɗaurin Baba. A gefe ga auduga da allura cikin murfin kwalba, ya ɗora dutse don kada iska ta ɗauka.

Furen ya buɗe, ashe na ango ne Baba ya ware. Na kira Muttaka. Ya hawo da farin kaftaninsa, ya tsaya a gabana, ya gyara bakin aljihu.