Ja a Sama, Kore a Ƙasa

Ta daɗe tana zaɓen jan nan. Ba ta son mai tsone ido, sai ta yi ta rage masa kaifi har ya kwanta, koren ma haka. A ofishin da ake tsara taswirar waya Mai Launi suke ce mata, domin ita ke yanke yadda titi zai fito: ja cunkoso, kore hanya a buɗe. Tsohuwar taswira tana da ɗigo-ɗigo a kan titin da ya cushe. Ita ta goge su, ta ce kamar ƙyanda suke. Manaja ya tafa mata a gaban kowa.

Mahaifinta direban tasi ne, irin wadda ake kira ta waya. Tun tana goye yake tuƙi, ko kaza bai taɓa bugewa ba. Amma tun da sabuwar taswira ta fito fasinjoji suka dame shi da ƙorafi: ga hanya fetal, shi kuwa sai ya kutsa da su cikin cunkoso. Kamfanin tasin ya yi masa kashedin ƙarshe.

Ranar hutu ta shiga gaban motar don ta gani da idonta. Ba su yi nisa ba ya karya kwana.

"Baba, ga ja ɓaro-ɓaro, ina za ka?"

Ya ƙura wa wayar ido. Ya gangara gefen titi, ya kashe mota.

"Auta, ni ja da kore duk ɗaya ne a idona. Haka Allah Ya yi ni."

"To, fitilar kan titi fa?"

"Ta sama tsaya, ta ƙasa wuce. Ko mahaifiyarki ba ta sani ba." Ya shafa sitiyari. "A wayar kuwa, ɗigon nan nake bi."

Bai tambayi wanda ya goge ba. Ai shi ke nuna wa fasinjoji wayar yana cewa aikin 'yarsa ne. Kunya ta rufe ta, da ma zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Washegari ta tari Manaja a bakin ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, a mayar da ɗigon. Akwai masu idon da ba ya raba launukan nan."

"Ƙyandar?" Ya yi dariya. "Da bakinki kika faɗa. Hoton taswirar nan yana kan allunan talla. Wa ya kawo kuka?"

Ta buɗe baki za ta ce mahaifina, sai ta tuna kamfanin tasin abokin cinikinsu ne. Magana zarar bunu ce. In ta fita, har lasisin tsohon sai ya tafi. Ta haɗiye.

"Babu kowa."

"To, a sa shi cikin aikin baɗi."

Kamfanin tasin bai jira baɗi ba, ya sallami mahaifinta.

Ta dawo daga aiki da yamma ta tarar da shi a ƙofar gida, ya wanke motar fes kamar mai shirin fita, makullin na rataye a ƙusa. Wayar na hannunsa, taswira a buɗe. Ya matsa mata a kan benci, ya ɗora yatsa a kan titin da ya bi ta gabansu.

"Wannan wane launi ne yanzu?"

"Kore ne, Baba."

"Madalla," ya ce. "Ashe hanya a buɗe take."