Ƙugiyar Kebbe

Shekara goma sha takwas Na'inna ya yi yana walda a bakin titi a Tambuwal. Duk akori-kurar da ke shiga daji daga nan har Kebbe, in ka duba gabanta bambar Na'inna ce, in ka leƙa bayanta ƙugiyar jan tirela ta Na'inna ce. Bambar da mota ke zuwa da ita daga kamfani ba ta daɗewa a hanyoyin nan, sa ɗaya ya goge ta da ƙaho ta lotse. Shi kuwa bututu mai kauri yake lanƙwasawa, ya ɗaure shi da shasi, ƙarfen da ke ɗauke da jikin mota, ya bi shi da wuta, sannan ya ce direba ya hau ya yi tsalle a kai. Ba shi da fara'a, ba ya kuma tauna magana, amma ana haƙuri da shi saboda aikinsa ba ya dawowa.

Sai ƙanensa Nu'umanu, wanda a hannunsa ya koyi riƙe sandar walda, ya yi aure a Kebbe ya kafa rumfa can. Shekara biyu Na'inna yana yi masa dariya. A ta uku dariyar ta ƙafe, don direbobi sun fara wata magana a teburin mai shayi: aikin Kebbe kaza, aikin Kebbe kaza. Ba sa ma cewa aikin ƙanen Na'inna. In maganar ta tashi sai ya ajiye kofi da sauran shayi a ciki ya koma rumfa, ya kama wani ƙarfen da bai yi masa laifin komai ba ya yi ta duka. A faɗi gaskiya, kyashi ne, kuma shi ma ya san kyashi ne.

Abu ɗaya ya rage masa da yake riƙe da shi: Shaihu. Shaihu direba ne mutumin Kebbe, yana jan ƙaramar tirela mai taya biyu, yana kai wa rugage dusa da gishirin shanu. Shi ne mutum na farko da ya yarda ya ba Na'inna aikin motarsa tun yana walda da injin aro, kuma tun daga lokacin suka zama aminai. Rumfar Nu'umanu tana kan hanyar gidansa, amma sai ya wuce ta ya sha ramukan hanya har Tambuwal. Muddin Shaihu na yin haka, Na'inna yana iya ce wa kansa har yanzu shi ne babba.

Wata ranar kasuwa cikin damina Shaihu ya tsaya da motarsa a gaban rumfa, laka har gilashi. Sakatar ƙofar baya ce ta karye. Suka gaisa, Na'inna ya zagaya baya don ya duba, sai ya tsaya cak. Ƙugiyar da ke ƙarƙashin ƙofar ba tasa ba ce.

"Mi nika gani haka, Shaihu?"

Shaihu ya sosa ƙeya. "Taka tana gida lafiya lau, ban yar ba. Nu'umanu ne ya roƙe ni in gwada wagga wata ɗaya."

"Wata nawa ke nan?"

"Fuɗu." Ya yi ɗan murmushin jin kunya, amma bakinsa ya ƙi tsayawa. "Na'inna, ƙanenka shina da kai. Juyawa taka yi. In tirela ta faɗa rami ta karkace, ita kaɗai ka karkacewa, mota ba ta ko ji. Kai ka koya mashi, ai abin alfaharinka ne."

"Haka ne," in ji Na'inna, yana kallon sakata.

Shaihu ya bar masa makulli, ya ce zai shiga kasuwa sayen gishiri, daga can ya yi azahar ya dawo.

Sakata ba ta ɗauke shi minti goma ba. Da ya gama sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar, da niyyar ya nemo aibi. Ya bi waldar da ɗan yatsa, babu kumfa, babu tsaga. Ya duba inda aka ɗaure ta da shasi, faranti biyu ne masu kauri da noti shida, yadda shi da kansa yake yi. Sai ya zo kan abin da ba shi ya koyar ba. Nu'umanu ya samo cibiyar tsohuwar taya, da boris ɗin da ke sa ta juyawa a ciki, ya dasa ƙugiyar a tsakiyarta. Na'inna ya sa hannu ya murza, ta juya sumul ta dawo.

Kada wani ya ce bai gane ba. Ya gane sarai. Shekara goma sha takwas yana ganin tirela na karkacewa tana murɗe bayan mota, bai taɓa tunanin a bar ƙugiya ta juya ba, ya dai riƙa ƙara kaurin ƙarfe. Cibiyoyin tsofaffin tayoyi kuwa ga su nan jibge a bayan rumfarsa, kaji na ƙwai a ciki. Yaron da ya sha mari a hannunsa saboda ya ƙona faranti, shi ne ya kalli wannan tarkacen ya ga abin da shi bai gani ba. Na'inna ya daɗe a kwance yana murza ƙugiyar kamar mai jan carbi.

Daga nan ya miƙa hannu ya jawo wayar walda.

Bai yi nufin kowa ya ji ciwo ba. Abin da yake so ƙarami ne, kuma mummuna: Shaihu ya ji ƙugiyar ta daina abin da ake yabonta da shi, ya dawo bayan sati biyu ya ce ta Kebbe ta cije, a mayar masa da tsohuwar. Ya zagaye cibiyar da walda ta ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta. Ya yi ta da kyau, don hannunsa bai iya aikin banza ba. Da ta huce ya shafa baƙin mai, ya watsa laka a kai. Shaihu ya dawo, ya yaba sakata, ya ba shi goro ya tafi.

Kwana huɗu bayan nan, da safe a teburin mai shayi, wani direba mai suna Lauwali ya kawo labari. Shaihu ya ɗauko dusa cike da tirela zai kai wata ruga bayan Kebbe. Ruwa ya zaizaye gefen hanya, tayar tirela ɗaya ta zurma, tirela ta kife. Shi kuwa Shaihu bai ko rage gudu ba, don wata huɗu ya saba tirela ta yi ta kanta. Wannan karon ta ɗauki motar gaba ɗaya ta kwantar da ita cikin kwazazzabo. Hannunsa ya karye wuri biyu, shasin mota ya murɗe.

"Ƙugiyar Kebbe ta dai," in ji Lauwali. "Sunka ce juyawa taka yi, ran da anka so ta juya ta ƙi. Ni dama ban yarda da sabon yayi ba. Aiki sai Na'inna."

Kowa a teburin ya juyo ya dube shi da girmamawa. Kuma, Allah ya yafe masa, ya ji daɗi. Daɗin bai wuce tsawon haɗiyar shayi ɗaya ba. Ya tashi bai rufe rumfa ba, ya tare ɗan acaɓa ya ce Kebbe.

Ya sami rumfar Nu'umanu shiru, janareta a kashe, ba mota ko ɗaya. Nu'umanu na zaune a kan tsohuwar taya. Da ya ga wansa ya miƙe, ya rusuna ya gaishe shi, ya kawo masa ruwa a moɗa. Sai da Na'inna ya sha sannan ya shiga ciki ya jawo wani buhu, ya zazzage shi a ƙasa. Ƙugiyar ce, an wanke ta da fetur, waldar na ƙyalli a zagaye da cibiyar.

"Ni na fara isa wurin, Yaya," in ji shi a hankali. "Na kwance ta kafin kowa shi duba. Na ce masu boris ne ya ci tsatsa ya cije."

"Ƙarya ka yi masu."

"I."

"Wa ya roƙe ka?"

Nu'umanu ya sunkuyar da kai. "Ba kowa. Ni sabo ne. In anka ce na yi kuskure, bana a zage ni, baɗi a manta. Kai in anka ji wagga magana, ba kuskure za a kira ta ba. Shaihu bai sani ba. Na so ka san na sani, shi ke nan. In ka tafi zan yanke ta in kai wa masu gwangwan."

Da Nu'umanu ya zage shi, da Na'inna ya ji sauƙi. Da ya ɗaga masa murya a gaban mutane, da ya sami abin riƙewa ya ce ga shi nan, yaro marar kunya. Amma ina. Ya fi shi dabara a ƙarfe, yanzu kuma ga shi ya fi shi hali, ya ɗauki kunyarsa ya ɗora wa kansa ba tare da ko gumi ba. Na'inna ya duba zuciyarsa ko zai sami godiya, sai ya tarar da kyashin nan dai, ya ƙara girma. Ya ga sauran shekarunsa yana walda a Tambuwal da sunan da ƙanensa ya ba shi sadaka, kuma ya san ba zai iya haɗiye wannan ba.

Ya durƙusa ya mayar da ƙugiyar cikin buhu, ya saɓa a kafaɗa.

"Yaya, ina za ka da ita?"

Na'inna ya nufi gidan Shaihu da buhun.

Shaihu na kwance a zaurensa kan tabarma, hannunsa ɗaure da karare da tsumma, mai ɗori bai daɗe da fita ba. Mutum biyar ko shida na zaune sun zo dubiya, ɗaya yana cikin cewa ya kamata a hana yaran nan wasa da rayukan mutane. Da Shaihu ya ga Na'inna fuskarsa ta saki.

"Ka taho da kanka. Zauna nan kusa. Na yi maka laifi, Na'inna, da na tsaya ga taka da duk haka ba ta faru ba."

Na'inna bai zauna ba. Ya zazzage buhun a gaban tabarmar, ƙarfen ya bugi ƙasa.

"Ba tsatsa ba ce," ya ce. "Ni na kashe ta da walda ran kasuwa, sa'ad da ka tafi masallaci. Nu'umanu ba shi da laifi."

Shaihu ya daɗe yana kallon ƙugiyar.

"Ka ɗauka lalacewa ta yi, shi ya sa ka ɗaure ta?" Muryarsa kamar mai roƙo. Ƙofa ce ya buɗe masa, kowa a zauren ya gane, kuma da Na'inna ya ce i, da an wuce wurin.

"A'a. Na san abin da taka yi kafin in taɓa ta."

Shaihu ya lumshe ido. Ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya, zafin hannun ya hana shi, wani dattijo ya tallafa masa har ya juya fuskarsa wajen bango. Na'inna ya tsaya yana jira a zage shi ko a kore shi, ba wanda ya yi ko ɗaya.

Can Shaihu ya yi magana, ba tare da ya juyo ba, kuma ba da fushi ba, da irin muryar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

"Malam, in za ka fita, ka biya ka ce wa Nu'umanu shi zo shi duba shasin nan, ko za ta miƙe."

Na'inna ya laluba takalmansa a bakin zaure, ya kama hanyar rumfar ƙanensa don ya isar da saƙon.