Durowa Dubu

“To, bayan miliyan sai me?” Inna ta tambaya.

“Sai miliyan biyu mana,” in ji mai jinyar, tana ɗiga mata magani a ido.

“Ke ’yar nan, kar ki raina min hankali. Biliyan nake tambaya. Tana da nisa?”

Mai jinyar ta rufe kwalbar maganin. Da safe ta ji wayar da Auta ya bugo wa mahaifiyarsa. Inna ta gaya masa abin da likita ya ce, idon nan ba zai kai baɗi yana gani ba, ta roƙe shi ya zo ta ƙare wa fuskarsa kallo. A gilashin waya, inuwa kawai take gani tana motsi. Shi kuwa dariya ya yi, irin wadda take narkar mata da zuciya tun yana goye. “Inna, ki ƙara haƙuri. Da na cika biliyan zan tattara in dawo gabanki.” Ya turo kuɗin magani, ya kashe.

Tun daga nan Inna ke ta murmushi. A ganinta biliyan maƙwabciyar miliyan ce, katanga ɗaya ta raba su.

“Ɗauko min gwangwanin can,” ta ce. “Ki nuna min da abin da na sani.”

Tsohon gwangwanin madara ne cike da maɓallai. Da ɗinka su a rigunan mutane ta biya wa Auta makaranta, har allura ta cinye mata kan yatsa.

“Maɓalli dubu yake ɗauka in an danna,” in ji Inna.

“To, miliyan gwangwani dubu ne irin wannan. Za su cika durowar kayanki har sama.”

“Madalla. Ai Auta ya ce yana da miliyan arba’in. Durowa arba’in! Yaron da ko maɓallin wuyansa bai iya sawa daidai ba.” Ta yi dariya har da tari. “Biliyan ɗin fa?”

Mai jinyar ta so ta yi ƙarya. Ta dubi tsohuwar, ta kasa.

“Durowa dubu, Inna.”

Fanka ta ci gaba da juyawa a sama. Inna ta tsoma hannu cikin maɓallan, ta ɗebo, ta bar su suna zubewa ta tsakanin yatsunta. Ba ta yi boko ba, amma ta san arba’in, ta san dubu, ta kuma san ƙuruciyar ɗanta kaf aka zuba kafin a tara arba’in ɗin.

“Gidan nan zai ɗauke su?”

“Ko da tsakar gida, ba zai ɗauka ba.”

“Ashe,” ta ce a hankali.

* * *

Da la’asar Inna ta dafa bango ta nufi ɗakin Auta. Shi ne mafi kyau a gidan da ya gina mata da kuɗin aike, gidan da bai taɓa kwana a ciki ba. Duk mako tana sa a wanke zanen gadon da ba wanda ya hau, a fesa turare, a buɗe taga. Mai jinyar kuwa a katifa take kwana bakin ƙofar Inna, don kar a taɓa ɗakin mai zuwa.

Inna ta zauna a gefen gadon, ta shafa matashin. Sanyi ƙalau. Ta yi ƙoƙarin tuno fuskarsa, sai fuskar ɗan makaranta ta zo mata, da riga a karkace. Gemun da aka ce ya tara, ba ta san shi ba. Ba ta ji haushinsa ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan. Ta san bai yi mata ƙarya ba. Ranar zuwa ya sa mata da gaske, sai dai rana ce da ke bayan kabarinta.

“Inna, shayinki zai huce,” in ji mai jinyar daga ƙofa.

“Ajiye shi. Zo nan, ta wajen haske.”

Ta zo ta durƙusa. Inna ta tallabe fuskarta da hannu biyu, ta matso da ita kusa, ta daɗe tana kallo.

“Ashe kina da tabo a gira.”

“Tun ina yarinya, Inna. Yau kika gani?”

“Yau na duba.” Ta saki fuskar, ta gyara zanen gadon da tafin hannu. “Ki kwaso kayanki. Daga yau nan za ki riƙa kwana.”